A aikido, ji ne ya kori gani

Jiya da daddare ɗan yayata ya turo min wani tsohon bidiyo a WhatsApp, baƙi da fari, hoton duk dishi-dishi. Wani ɗan gajeren tsoho mai farin gemu yana ta watsi da ƙarti kamar mai kakkaɓe tabarma. A ƙasa ya rubuta: "Kawu, wannan gaske ne ko fim? In gaske ne ni da ƙanena za mu fara koya a tsakar gida, na tara irinsu sun fi talatin a waya." Na ba shi amsa a gurguje, amma maganar ta ƙi barin raina, domin ni ma ta wannan ƙofar na shiga, kuma na ji jiki.

Tsohon nan Morihei Ueshiba ne, mutumin Jafan da ya kafa aikido, wani salon faɗan kare kai. An haife shi a 1883, ya rasu a 1969, almajiransa suna ce masa O-Sensei, wato babban malami. Ni ba ta kansa na fara jin sunan abin ba. Kamar yawancin tsarana, a gidan kallo na ga Steven Seagal yana murɗe hannayen mutane ba tare da ya yi gumi ba, na ce wannan shi ne faɗan masu hankali. Daga baya wani kaset na koyarwa ya faɗo hannuna, an kwafa an sake kwafa har fuskar malamin ba ta fita sosai. Ni da wani abokina muka shimfiɗa katifa a zaure. Mu kalla, mu tsayar, mu mayar baya, mu gwada. A sati na uku muka iso wani kamu da ake kira nikyo, inda ake lanƙwasa tsintsiyar hannu a danna ta. Na danna masa bai ji komai ba, na ƙara ƙarfi bai ji ba, sai na saki nauyina duka. Ƙarar da ya yi har yau tana kunnena. Wajen mai ɗori muka ƙare, ya yi wata guda ba ya iya ɗaga buta da hannun dama, mahaifiyarsa kuwa ta daina amsa gaisuwata har bayan babbar sallah.

Shekaru bayan nan aiki ya kai ni Faransa, ƙasar da aikido ya yi jijiya tun zuwan malaman Jafan Minoru Mochizuki a 1951 da Tadashi Abe a 1952. Na shiga wani ƙaramin ɗakin horo a unguwar da nake. Malamin dattijo ne siriri, ya haura sittin. Ranar da ya yi min nikyo ɗin nan, kafin in ji zafi na riga na durƙusa. Bai matse ni ba, bai yi nishi ba. Abin da na ji shi ne kamar an zare wani abu daga ƙuguna, gwiwoyina suka amsa ba da shawarata ba. A nan na gane cewa abin da muka yi makonni muna kwaikwayo a zaure fatar abin ce kawai. Kyamara tana nuna inda hannu yake. Ba ta nuna inda nauyi ya nufa, ba ta nuna ɗan lokacin da ake jira jikin abokin karawa ya miƙe kafin a danna, ba ta nuna sassaucin kafaɗa. Mu Hausawa muna cewa gani ya kori ji. To a wannan fage sai a juya maganar, domin jin da ake yi a jiki shi ne karatun.

Ga wani abin da mai kallo ba ya lura da shi. Idonka yana kan wanda yake jifa, alhali rabin gwanintar tana wajen wanda ake jefawa, shi ake kira uke. Samarin da kuke gani suna tashi sama suna sauka kamar kyanwa a finafinan nan, mutane ne da suka yi shekaru suna koyon faɗuwa, wato ukemi, safe da yamma. Sun san lokacin da za su bi murɗar kafin gaɓa ta kai iyaka, sun san yadda ake naɗe haɓa kada ƙeya ta bugi ƙasa. Ni wata biyun farko kusan ba abin da na yi sai mirgina gaba da baya har kafaɗuna suka yi tsami. Ka ɗauki shihonage: ana ninke hannun mutum ta bayan kafaɗarsa a kai shi ƙasa ta baya, kuma in bai iya faɗuwa ba ƙeyarsa ce take fara sauka. A kan katifar horo ma ana kaffa-kaffa da shi, balle a kan simintin tsakar gida da yaro ɗan shekara goma sha huɗu.

Sannan bidiyo talatin ɗin nan ba karatu ɗaya ba ne, ko da yake duk sunansu aikido. Almajiran Ueshiba sun same shi a zamani daban-daban, kowa ya tafi da abin da ya tarar. Gozo Shioda ya yi karatu kafin yaƙin duniya na biyu, ya kafa makarantarsa ta Yoshinkan a 1955, salonsa a tsaye yake ƙyam, a ƙirge, shi ya sa 'yan sandan kwantar da tarzoma na Tokiyo suka ɗauke shi. Morihiro Saito ya shiga a 1946 a ƙauyen Iwama, yana ma'aikacin jirgin ƙasa, ya zauna da malamin shekara 23, shi kuma ya fi ba da ƙarfi ga kamu mai tauri da sanda da takobin katako. Koichi Tohei ya karkata ga sakin jiki da abin da suke kira ki, wato ƙarfin ciki, har ya rabu da babbar cibiyar aikido a 1974. Ko sunayen ba su daidaita ba: kamun da wasu ke kira ikkyo, mutanen Shioda ikkajo suke cewa. Yaro ya ɗauki tsayuwar wannan, ya haɗa da takun wancan, ya ƙarasa da hannun na uku, sai ya zauna yana mamakin me ya sa ba ya ci.

Kuma bari in faɗi abin da wasu masoya aikido ba sa son ji. Finafinan ƙarshen rayuwar O-Sensei, inda yake ɗaga hannu mutum ya faɗi tun ba a taɓa shi ba, ni a ganina akwai girmamawar almajiri ga malami ɗan shekara tamanin a ciki. Ba na ganin laifinsu, ko mu ba ma kayar da dattijo a gaban jama'a. Wanda ke son ganin mutumin da ƙarfinsa ya nemi fim ɗin da aka ɗauka a 1935 a harabar jaridar Asahi a Osaka, lokacin ya ɗan haura hamsin, sunan aikido ma bai zauna ba tukuna, sai a 1942. Can za ka ga shiga da sauri, da duka, da danne mutum a ƙasa, da karɓe makami.

Kada a ce na ce a zubar da tsofaffin bidiyo. Ni kaina har gobe ina kallonsu, kuma ina ganin suna da daraja a matsayin shaidu. An daɗe ana yi wa Saito gori cewa abin da yake koyarwa nasa ne, ba na malaminsa ba. Sai Stanley Pranin, Ba'amurken da ya ƙarar da rayuwarsa yana tattara tarihin aikido, ya nuna masa wani ɗan littafin koyarwa mai suna Budo da aka buga a 1938, ɗauke da hotunan Ueshiba kansa. Hotunan suka zo daidai da abin da Saito yake yi. Irin wannan gardama tsohon hoto da tsohon fim ne kaɗai ke iya raba ta. Haka nan wanda ya riga ya karɓi karatu a hannun malami, bidiyo yana yi masa amfanin tishi. Bayan dattijon nan ya durƙusar da ni, na koma na kalli kaset irin wanda muka yi ɓarna da shi, sai na riƙa ganin abubuwan da da can suna nan amma idona bai san su ba: juyin ƙugu, inda babban yatsan ƙafa ya kalla, ɗan sunkuyon da malamin yake yi a ƙarshe.

Akwai kuma ɓangaren da mutum zai iya farawa shi kaɗai ba tare da ya cuci kowa ba. Saito ya tsara saran takobin katako guda 7 da motsin sanda guda 20, ana ce musu suburi, ga kuma jerin sanda mai ƙirga 31. A bidiyoyinsa yakan nuna yadda ake kuskure sannan ya nuna daidai, a hankali, ya maimaita. Kuskure zai shiga, babu makawa, amma kuskure ne da malami zai gyara daga baya, ba na kai ƙani asibiti ba.

Abin da na ce wa ɗan yayata ke nan. Ya zaɓi malami ɗaya a cikin talatin ɗin ya bar sauran. Ya nemi inda ake koyar da judo a filin wasan garinsu, tunda shi ya fi sauƙin samu a wajenmu, a koya masa faɗuwa a kan katifa ta gaske. Hannun ƙanensa kuwa na ce in na ji ya taɓa, da kaina zan kira Yaya in gaya mata. Da safen nan ya turo min hoton sandar tsintsiyar share ɗaki yana tambaya ko za ta yi. Na ce ya tsayar da ita a ƙasa, in ta kai hammatarsa ta yi, amma ya tambayi mamansa kafin ya cire mata kai.