Na sama da na ƙasa: maganar kogunan da ƙasashe ke tarayya a kansu

Jama'a, duk lokacin da na ji an sa hannu a wata sabuwar yarjejeniyar ruwa, abin da nake fara tambaya shi ne: madatsar da za a gina, ta wa ce? Kuma ranar da za a buɗe ƙofofinta, wa zai ɗaga waya ya sanar da mutanen da ke ƙasa?

Ku dubi kogin Nilu. A 1959 Masar da Sudan suka zauna su biyu suka raba ruwan, Masar ta ɗauki kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan biliyan 18.5. Habasha, wadda daga tsaunukanta mafi yawan ruwan ke gangarowa, ko gayyatarta ba a yi ba. To da ta fara gina babbar madatsarta a 2011, da wane baki za a ce mata ta mutunta rabon da aka yi a bayan idonta? Na kuma fahimci tsoron Masar ƙwarai, domin ƙasa ce da kusan duk rayuwarta ke rataye a kogi ɗaya. Kowa da gaskiyarsa, amma an kwashe shekaru fiye da goma ana zama ana tashi ba a cimma yarjejeniyar da ta ɗaure kowa ba.

Shi ya sa kogin Senegal ke burge ni. A 1972, fari na tsaka da cin yankin Sahel, Mali da Muritaniya da Senegal suka kafa hukumar raya kogin Senegal, wato OMVS, Gini ta shigo a 2006. Maimakon su tsaya kan lissafin ruwan da kowa zai kwasa, sai suka ce duk madatsar da aka gina mallakar su duka ce, ko a ƙasar wa take. Aka gina madatsar Diama a 1986 kusa da bakin teku don hana ruwan gishiri haurowa gonaki, aka gama ta Manantali a Mali a 1988. Bashin tare suka ci, wutar lantarkin ma raba ta ake yi. Hikimar a nan ita ce, wanda ke da kaso a cikin abu ba ya fatan ya lalace. A 1989 rikici ya ɓarke tsakanin Senegal da Muritaniya, an yi asarar rayuka, an kori dubban mutane, har hulɗar jakadanci ta yanke, amma hukumar kogin ba ta rushe ba.

Kada a ɗauka komai ya tafi daidai a can. Bayan Diama, ruwa ya kwanta, kachala ta mamaye magudanai, cutar tsargiya ta yaɗu a ƙauyukan bakin kogi. Manantali kuma ta rage ambaliyar shekara-shekara da manoma ke jira ta janye su shuka a damshinta, makiyaya su samu ciyawa. Wannan yana ci mini rai, don talakan da ba a nemi shawararsa ba shi ya fi ɗanɗana kuɗarsa. Gwamnatoci na iya jituwa a tsakaninsu alhali masunci da manomi suna kuka.

Sai maganar sanarwa, wadda ita ce mafi arha kuma aka fi sakaci da ita. Madatsar Lagdo da ke Kamaru a kan kogin Binuwai an kammala ta a 1982. A 2012 da 2022 an saki ruwanta a daminar da koguna suka riga suka cika, ambaliya ta ci garuruwa da gonaki a Najeriya. Mutane da yawa sun ɗora laifin duka a kan Kamaru, ni ban yarda ba. Madatsa idan ta cika dole a rage ta, in ba haka ba ta fashe. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara a Adamawa don tare wannan ruwa har yau ba a gina ta ba. Kuma ko an aiko da gargaɗi, me ya amfana idan ya tsaya a teburin ma'aikata bai kai kunnen mai unguwa ba?

Hukumomi kam akwai su. Ta tafkin Chadi tun 1964 take, amma a gabanta tafkin da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya ƙanƙance matuƙa bayan farin shekarun 1970 da 1980. Yarjejeniyar kogin Indus ta 1960 ta tsallake yaƙe-yaƙe tsakanin Indiya da Pakistan, sai ga shi a 2025 Indiya ta dakatar da ita.

Abin da nake so ƙasashen da ke kan kogin Neja da Binuwai su yi shi ne su riƙa wallafa ma'aunin ruwa kullum inda kowa zai gani, a kuma karanta shi a rediyo da harshen mutanen bakin kogi. Duk sabuwar madatsa kuma a gina ta da kuɗin na sama da na ƙasa, masunta da manoma da makiyaya su samu kujera tun ranar da za a fara zana taswirarta.