Kafin yaro ya faɗi jigo, ya nuna ɗango

A nan Amurka, yaran aji 6 zuwa 8, masu shekara 11 zuwa 14, su ne takwarorin 'yan ƙaramar sakandarenmu na Najeriya. Abin da ya fi burge ni a yadda ake koya musu nazarin waƙa shi ne tambaya guda da malami ba ya gajiya da ita: a wane layi ka ga haka? Tun da aka fito da tsarin Common Core a 2010, wato ma'aunin abin da ya kamata yaro ya iya a Turanci da lissafi a kowane aji, wanda jihohi da yawa suka ɗauka, kafa hujja daga cikin matani ya zama ƙashin bayan darasin. A gida kuwa, sau da yawa malami ne ke rubuta jigo da salo a allo, yara su kwafa, su haddace, su mayar masa ranar jarrabawa. Yaro ya san ma'anar kamantawa da mutuntarwa, amma a miƙa masa waƙar da bai taɓa gani ba, sai ya yi tsuru-tsuru.

Tsarin nasu ba shi da wuya. A zaɓi gajerar waƙa, ɗango (wato layin waƙa) 12 zuwa 20, kowa da kwafinsa, a sa wa kowane ɗango lamba. Karatu na farko don a gane wa ke magana, da wa yake, me ya faru. Na biyu da fensir a hannu: a zagaye kalmar da ba a sani ba, a ja layi ƙarƙashin abin da aka maimaita, a yi alama inda murya ta sauya. Na uku shi ne mai daɗin, domin a nan ake tambayar dalilin zaɓen kalma. Idan mawaƙi ya ce dare ya lulluɓe gari, a sa yaro ya cire "lulluɓe" ya sa "rufe", sannan ya faɗi abin da ya salwanta. Zai gano da kansa cewa mayafin da taushin sun tafi. Darasin yana lalacewa ne idan malami ya riga yara bayani, domin daga nan ra'ayinsa kawai za su yi ta nema a cikin baitocin.

Kalmomin da za a koyar kuma kada su wuce biyar zuwa takwas a darasi ɗaya, kuma a fifita waɗanda yaro zai sake cin karo da su a wasu darussan. Jerin kalma ashirin da ma'anarsu daga ƙamus ba ya zama a kai. Cewa yaro ya cinko ma'ana daga kalmomin da ke kewaye ma ba ya ci kullum a waƙa, saboda mawaƙi kan karkata kalma don kari ko amsa-amo. A rubutacciyar waƙar Hausa, aron Larabci da tsofaffin kalmomi da karin harshe gara malami ya faɗe su kai tsaye a wuce.

Inda muka fi su, a ganina, shi ne kunne. A nan yara kan karanta waƙa shiru, suna farautar adon harshe don cike gurbi a takarda, har su gama ba su ji sautinta ba. Waƙarmu don rerawa aka tsara ta, karinta yana kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kuma yaron da ke tafi yana rerawa zai ji inda ɗango ya karye tun kafin a koya masa sunan abin. Don haka karatu na farko a gida ya zama rerawa.

Rashin kwafi da cunkoson aji ba su hana wannan. A rubuta waƙar a allo, yara su kwafa suna tsallake layi ɗaya don rubuta abin da suka lura. A raba su huɗu-huɗu, kowane rukuni da baitinsa. Wajen maki, amsar da ba ta zo da lambar ɗango ba kada ta samu cikakken maki, ko da ta yi daidai da abin da ke littafin malam.