Baje kolin fure a shekarar talauci

Masu cewa kula da fure aikin wanda ya ƙoshi ne, don Allah ku dubi abin da ya faru a birnin Macon na jihar Jojiya, a kudancin Amurka. Ranar 3 ga Fabrairu, 1932, mutanen garin suka tsinko furannin kameliya daga lambunansu, suka kai wani babban kanti mai suna Burden-Smith domin jama'a su zo su gani. Ku lura da shekarar. Tun 1929 tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, bankuna na rufewa, auduga ta yi kwantai, magidanta na yawon neman aiki. A cikin wannan ƙunci aka yi taron, kuma ni a ganina sun yi daidai.

Kameliya asalinta daga Japan da Sin take. Danginta ɗaya da itacen shayin da ake nomawa a tsaunin Mambila. Abin da ya sa 'yan kudu suka ɗauke ta da daraja shi ne da hunturu take buɗewa, lokacin da sauran lambu ya yi fayau. Mutanen Boston da ke arewacin Amurka sun riga su baje ta tun ƙarni na 19, to amma can sanyi ya yi tsanani, sai a ɗakin gilashi na attajirai take rayuwa. A kudu kuwa a fili take girma har ta zama bishiya.

Bayan yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 manyan gandayen kudu suka lalace, aka daina yayin furen. Bishiyoyin suna nan a tsofaffin gidaje, amma sunayensu sun ɓace. Iri guda sai ka ji kowane gari da abin da yake kiransa, mai saye ya biya kuɗin wani iri a ba shi wani. Sai da aka ajiye furen wannan gida kusa da na wancan, tsofaffi suka duba suka yi gardama, sannan aka fara gane wanne ne wanne. Ana gama taron na Macon aka kafa ƙungiyar masu kula da furen azaliya da kameliya, daga ita kuma aka samu ƙungiyar kameliya ta Amurka a 1945, nan dai Macon. Hedikwatarta yanzu tana lambun Massee Lane kusa da Fort Valley. Ilimin da ya kusa bin tsofaffi kabari, taron kallon fure ne ya ceto shi.

Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A 1932 dokokin wariyar launin fata na aiki a Jojiya, kuma tarihin furen nan a kudu a kan gumin baƙaƙen fata ya ginu. A gandun Magnolia kusa da birnin Charleston na jihar Karolina ta Kudu, sunan John Grimké Drayton ake ambata a matsayin wanda ya cika wurin da kameliya tun shekarun 1840, alhali bayi ne suka haƙa ramuka suka yi ban ruwa. Ɗaya daga cikinsu, Adam Bennett, bayan ya samu 'yanci ya zauna ya ci gaba da riƙe lambun. Irinsa suna da yawa a Jojiya da Alabama da Karolina. Duk mai rubuta tarihin baje kolin nan, ya kamata ya bi takardun gidajen da furannin suka fito, ya zaƙulo sunayen ma'aikatan lambun ya rubuta su kusa da na masu gidan.