Bajet na cikin gida, kuma da uwargida ake yin sa

Assalamu alaikum jama'a. Yau a kan bajet nake son yin magana, amma ba wanda gwamna ke kaiwa majalisa ba. Na cikin gida nake nufi, na tukunya da kuɗin makaranta da ragon suna. Maganar za ta ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni.

Kalmar ta zauna a bakinmu a Katsina. Za ka ji ta a majalisar bakin titi a Ƙofar Ƙaura, za ka ji ta a teburin mai shayi, har yara sun iya ta. Amma in ka kasa kunne, a wuri biyu muke fito da ita. Ko dai ƙarshen shekara, in an ji a rediyo gwamnati ta gabatar da kasafi, a yi kwana biyu ana musu a kan biliyoyi, ko kuma lokacin da mutum yake son ya hana. Ƙane ya zo neman kuɗin jarrabawa, a ce masa wallahi ba ya cikin bajet. Uwargida ta ce takalmin yaro ya tsinke, a ce mata bajet ɗin watan nan ya cika. Wanda ya faɗi haka, in ka ce ya nuna maka bajet ɗin, ba takarda, ba lissafi ko da a ka. Wannan yana damuna ƙwarai, domin abu ne mai amfani muka mayar da shi hanyar sallamar ɗan'uwa.

Ma'anar ba ta da wuya. Kasafi ne: ka san abin da kake sa ran zai shigo hannunka a cikin wata ko shekara, ka raba shi gida gida bisa buƙatunka, kuma ka yi rabon kafin kuɗin su iso. Wannan kafin ɗin shi ne kan maganar. Wanda ya zauna ranar ashirin ga wata yana ƙirga inda albashi ya tafi, bita yake yi, ba kasafi ba. Ita ma gwamnati haka tsarinta yake. Kasafin tarayya na 2025 ya kai naira tiriliyan 54.99, an kasa shi zuwa ayyukan yau da kullum, manyan ayyuka da biyan bashi, kuma inda kuɗin shiga suka gaza sai a samu giɓi, a cike shi da rance. A gidanmu ma akwai giɓin, sai dai a littafin mai kanti yake zaune, kuma maigida bai cika sanin yawansa ba sai ranar da aka turo yaro da saƙo.

Abin da ya fi ba ni ciwo shi ne yadda muke ɗaukar abin kamar baƙo, na 'yan boko da ma'aikatan banki. Kakanninmu a ƙasar Katsina da Daura ba su rubuta ko sisi ba, amma kasafinsu ya fi namu tsari. Kaka ta yi, an ɗaure gero da dawa, maigida ya ƙirga dammunansa tun a gona. Ya fitar da zakka, ɗaya cikin goma. Ya ware iri na baɗi, wanda ko yunwa ta shigo ba a taɓawa. Ya san dami nawa gidansa ke ci daga kaka zuwa bazara, ya san rumbun da za a fara buɗewa, ya kuma san rumbun tsimi da ba a fasawa sai damina ta yi nisa, lokacin da ake noma kuma hatsi ya yi wuya. Gyaɗa da auduga su ne na haraji da tufafi da aure. Mace tana da akuyarta da kajinta, su ne asusunta. Ba wanda ya koya musu wannan a aji. Kuma duk wanda ya karanta Suratu Yusuf ya san shawarar da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ba mutanen Masar, cewa su bar hatsin shekarun yalwa bakwai a zangarniyarsa, ban da kaɗan da za su ci, saboda shekarun fari bakwai da ke tafe. Don haka mai cewa lissafin gobe rashin tawakkali ne, ya koma ya sake karatu.

Yanzu dubi abin da ke faruwa a kaka. Manomi a Bakori ko Dandume ko Funtua ya girbe masara, a makon nan ya kai rabinta kasuwa, saboda bikin 'yarsa da aka sa bayan girbi, saboda bashin taki, saboda babur. Lokacin ne kowa ke kaiwa, lokacin ne farashi ke ƙasa, lokacin ne 'yan kasuwa ke zuwa da motoci suna tarawa a sito. A mafi yawan shekaru, kafin watan Yuli ko Agusta shi wannan manomin ne zai koma kasuwa da buhu a hannu yana awon tiya tiya, da tsadar da ta wuce yadda ya sayar. Ba na zarginsa, domin buƙata ce ta kore shi. Amma buƙatar nan ba daga sama ta faɗo ba. Ranar bikin da shi aka sa ta. Bashin takin tun watan Yuni ya san da shi.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Za su ce malam, wa ya ƙoshi balle ya yi kasafi? Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyaka watanni, mutanen Jibiya da Mai'aduwa da Kongolam suka ji a jikinsu. A Batsari da Safana da Faskari da Ƙanƙara akwai waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, suka dawo birni ba su da ko dami ɗaya da za su ƙirga. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a 2024, amma kowa ya san tsada ta riga ta cinye ƙarin. Duk wannan gaskiya ne. Bajet ba ya maganin talauci, ba ya ɗauke wa gwamnati nauyinta, kuma ba zan taɓa tsayawa gaban wanda ya gudo daga ƙauyensu da 'ya'ya shida in ce masa rashin tsari ne ya same shi ba.

Amma akwai mu da yawa da ba a wannan halin muke ba. Malamin firamare, ma'aikacin ƙaramar hukuma, mai shago a babbar kasuwa, tela, mai gyaran waya. Abin yana shigowa, ko da bai isa ba. Mu ne muka fi kowa buƙatar kasafi, domin mai kuɗi in ya ɓarar da dubu ashirin ba zai ji ba, mu kuwa dubu biyar in ta bi ta inda bai kamata ba, a tukunya za a gani. A ce mutum yana sa data ta naira 500 kullum. A wata 15,000 ke nan, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na albashin 70,000. Ba ya jin fitarta saboda kaɗan kaɗan take tafiya. Ban ce a daina sa data ba, ni ma da ita nake wannan rubutu. Cewa nake mutum ya san nawa take ci masa, sannan ya yanke da kansa ko ta cancanci haka.

To ga inda na fi son mu tsaya. Yawancinmu maza, matanmu ba su san nawa muke samu ba. Mun ɗauke shi sirri, har wasu na ganin faɗa wa mace albashi zubar da girma ne. Sai mutum ya ajiye kuɗin cefane da safe, adadin da yake bayarwa tun shekara biyu da suka wuce, ya fita, ya dawo da rana ya tarar da tuwo da miya. Bai tambayi yadda aka yi ba. Yadda aka yi shi ne ta cika da ribar awararta, ko kuɗin ɗinkinta, ko ta ɗauki adashinta da ta yi niyyar sayen kwanukan 'yarta da shi. Giɓin gidan a wuyanta yake, shi kuma yana waje yana cewa yana riƙe da gidansa. Wannan ba adalci ba ne. A addini ci da sha da tufafi da wurin kwana a kan miji suke, kuɗin mace nata ne, in ta taimaka kyauta ta yi. Kasafin da ya tsaya a kan kuɗinta ba tare da ta sani ta kuma yarda ba, ba kasafi ba ne, cin haƙƙi ne a hankali.

Kuma ko ta fuskar amfani, wa ya fi ta sanin lissafin? Ita ta san kwana nawa tiyar shinkafa ke yi a gidan. Ita ta san kwalbar mai, ta san gawayi ko itace, ta san sabulu, ta san yaron da ya fi cin takalmi. Namijin da ya zauna shi kaɗai ya rubuta kasafin abinci, ƙiyasi kawai yake yi. Abin da maza ke tsoro na sani: wai in ta ji adadin za ta buɗe baki da buƙatu. Abin da na gani a gidajen 'yan'uwa da abokai akasin haka ne. Macen da ba ta san komai ba ita ce ke zaton akwai, ana hana ta ne, ko ana tara na ƙarin aure. Wadda aka zaunar aka ce mata ga abin da ya shigo, ga haya, ga makaranta, ga abin da ya rage, sau da yawa ita ce ke fara cewa a bar ankon nan, a bar kaza sai wata mai zuwa. Mai mata biyu kuma ya tara su ya yi maganar a gabansu duka, ya rage wa kansa zargi da rabin rigimar gidan.

Sai zumunci. Mu ba mutanen da za su ce daga ni sai matata da 'ya'yana ba ne, kuma Allah ya kiyaye mu zama haka. Akwai iyaye, akwai ƙanne a makaranta, akwai gwaggo a ƙauye, akwai gudummawar biki da ta rasuwa, akwai maƙwabcin da za a kai asibiti cikin dare. Kasafin da bai ware wa wannan gida ba, ƙarya yake yi wa mai shi, domin abin zai zo, kuma ba za ka iya kawar da kai ba. Ka ware masa nasa tun ranar da alat ya shigo, ko dubu uku ce. In ƙanenka ya zo ka ba shi daga ciki da sakin fuska. In ta ƙare ka faɗa masa gaskiya, na watan nan ya tafi wurin jinyar wance, ka dawo ɗaya ga wata. Zai ji ba daɗi, amma zai san ba korarsa aka yi ba. Alƙur'ani ya yabi bayin Allah da cewa in za su ciyar ba sa ɓarna kuma ba sa ƙwauro, a tsakani suke tsayawa. Ba ka iya tsayawa a tsakani in ba ka san iyakar abin da ke hannunka ba.

Yawancin abin da muke kira ba-zata ma ba ba-zata ba ne. Azumi da sallah suna zuwa kowace shekara, suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. Sabuwar shekarar karatu a watan Satumba take, da yunifom da littattafai. Mai gidan haya ya san watansa, kai ma ka sani. Haihuwa tana ba da sanarwar wata tara, amma sai ana saura kwana uku suna za ka ga mutum yana zagaye neman bashin rago. Tunkiyar da aka saya ƙarama aka ɗaure a gida tun cikin yana wata uku, ko kuɗin da aka riƙa zubawa a adashi, da sun rufa asiri. Ciwo da gobara da mutuwa su ne ba a sa musu rana, kuma saboda su ne ake son a bar wani abu a gefe komai ƙanƙantarsa.

Wanda ba ya jiran ƙarshen wata kuma, mai Keke Napep, mai POS, mai faci, mai sayar da kayan miya, nasa kasafin na yini ne, kuma babbar matsalarsa haɗa uwar kuɗi da riba a aljihu ɗaya. Cinikin yini ya shigo, a ci daga ciki, a ba da daga ciki, sai ranar sarin kaya a ga jari ya ragu ba a san yaushe ba. Mai Keke ya cire balas na mai shi, ya cire na mai, ya cire na gyara tun kafin ya kira sauran nasa, domin taya da inji suna cinyewa kullum ko bai gani ba. Masu karɓar adashin kullum da ke zagaya kasuwa suna ɗaukar zubin kwana ɗaya a wata ladan aikinsu, kuma ga mutum da yawa wannan ya fi sauƙi a kan bashin manhajojin waya, masu ruwa mai nauyi da kiran mutanen da ke cikin wayarka in ka makara. A dai duba amanar wanda za a ba, a kuma riƙe kati ana sa hannu kullum.