Tayar tsere ba ta yawon yau da kullum ba ce

Wasu samarinmu masu motoci masu ƙarfi sun ɗauka tayar tseren miƙe ta fi kowace taya riƙe hanya. Ba haka ba ne. Don gudun mita 400 kacal aka yi ta, a kan busasshiyar kwalta mara kwana. Robarta taushi gare ta, sai ta yi zafi take kama ƙasa, kuma nan da nan take cinyewa. Zanenta kaɗan ne, ba ya korar ruwa, shi ya sa da damina mota mai irin wannan taya kan yi sulu a hanyar Ringim ko da an taka birki. Gefen tayar kuma laushi ne, tana rawa a kwana, tsakuwa da ramukan hanyar ƙauye suna saurin illata ta. Don Allah a sayi tayar titi mai zurfin zane.