Maigida, bar izini kafin ka fita

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Jiya bayan La'asar muka kai wata yarinya makwancinta nan Maraɗi, ƴar wata goma sha ɗaya. Allah Ya sa mai ceto ce. Kwana uku tana masassara, uban yana kasuwar Jibiya, wayarsa ba ta shiga, uwar kuwa ba ta taka ƙofar gida sai da izini. Ko da aka isa asibiti, tafin hannunta ya riga ya yi sanyi.

Likitoci na kiran abin sefsis. Ƙwayar cuta ce ke shiga ta huhu, ko rauni, ko mafitsara, ko cibiyar jinjiri, sai garkuwar jiki ta tashi faɗa har ta koma tana ɓarnar jikin da take karewa. Jini ya sauka, ƙoda ta gaza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 mutum miliyan 11 suka rasu ta wannan hanya, kusan ɗaya cikin biyar na duk mamatan shekarar.

Ajali na Allah ne, ba mai ja. Amma Manzon Allah (SAW) ya ce dukanmu makiyaya ne, kowa za a tambaye shi abin kiwonsa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Jinjiri, mai jego, tsoho, yaro mai tamowa, mai ciwon suga ko sikila, su ne ciwon ya fi saurin kayarwa. Wannan ba a hannunka yake ba. Lokaci kuwa yana hannunka. Duk awar da ta wuce ba a sa ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta ba, tsira na ƙara nisa. Mu kuma me muke yi? Mu sayi kafso biyu wurin mai talla, mu ce a ga wayewar gari. Tofi alheri ne, Malam, amma yi shi kuna bisa hanya.

In numfashi ya yi sauri, mutum ya rikice ko barci ya danne shi, fitsari ya ɗauke, jinjiri ya ƙi nono, kada a jira asuba, a tafi asibiti. Mai jegon da ke zazzaɓi, jinin biƙi na wari, ita ma haka.

Tun yau ka ce wa maiɗakinka: "Hajiya, in ɗayan waɗannan ya faru, na yarje miki, ki tafi ko ba na gari." Ka bar mata jika biyu na kabu-kabu da lambar maƙwabcin da zai raka ta cikin dare.