Ba mutanen ƙauye ne suka fara ɓoye kwalara a Sudan ba

Duk daminar da kwalara ta dawo sai mu sake jin zancen nan daga bakin wasu masu sharhi, wai mutanen ƙauye ne ke ɓoye majinyata a ɗaka har cutar ta bazu, saboda haka abin da ya rage shi ne a wayar musu da kai. Wannan zance yana ɓata mini rai, domin ya tsallake masu iko ya ɗora laifin a kan wanda ya fi kowa rauni.

Wa ya koyar da ɓoyon? A 2016 da 2017 annobar ta ratsa jihohin ƙasar nan tana kashe mutane, amma gwamnatin Umar al-Bashir ta ƙi ambatar sunanta, ta dage cewa gudawa ce mai ruwa-ruwa kawai, jami'an tsaro kuma suka riƙa takura wa likitoci da 'yan jaridar da suka kira ta kwalara. Sai a Satumban 2019, bayan faɗuwar gwamnatin, ma'aikatar lafiya ta fito fili ta ce kwalara ce ta ɓulla a jihar Shuɗin Nilu. Ma'aikacin asibitin da ya ga abin da ya sami na gaba da shi bai manta ba har yau.

Dokokin lafiya na duniya na 2005 sun ba kowace ƙasa awa 24 ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya bayan ta tantance annoba. To, amma labarin daga ƙaramin asibiti yake tasowa, a Maiwurno ko a ƙauyukan Gadarif, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 wanda ke zaune a irin wannan asibiti yakan yi watanni ba albashi, ba kayan gwaji. A Fabrairun 2024 layukan waya da intanet sun ɗauke a yawancin ƙasar. Da me zai aika rahoton? A birnin Kosti, a Fabrairun 2025, hari a kan tashar lantarki ne ya tsayar da ruwan famfo, jama'a suka koma ɗiba daga kogin Farin Nilu, kwalara ta ɓarke, kuma babu wanda ya ɓoye kowa, asibiti ne ya cika ya batse.

Masu cewa tsoron killacewa yana hana wasu magana ba ƙarya suka yi ba, sai dai wannan ƙaramin abu ne. A biya ma'aikatan lafiya haƙƙinsu, a daina kama matasan sa-kai na ɗakunan agajin gaggawa da ke unguwanni, domin sau da yawa su ne ke fara ganin mai amai da gudawa kafin labari ya isa kowane ofis.